Yadda ake kwashe tsofaffin kaset-kaset na kyamara zuwa kwamfuta don a tace su

A gidaje da yawa a Katsina da Daura akwai wata adaka ko ƙasan wadirof inda aka jibge kaset-kaset: ɗaurin aure, walimar saukar Alƙur'ani, tarbar alhazai, hawan sallah na zamanin Sarki Muhammadu Kabir Usman, ko hawan Gani a Daura lokacin Sarki Muhammadu Bashar. Hoton da ke ciki yana manne ne a jikin zare mai maganaɗisu, kuma zafin bazara da ƙurar hunturu da laimar damina duk suna cin wannan zare a hankali. Na'urorin da ke juya shi ma sun fi shi saurin ƙarewa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina tun 2016, saboda haka duk wadda za ka samu yau ta hannu ce.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko: kyan aikin yana wurin na'urar da ke juya kaset ɗin, ba wurin kwamfuta ba. Kwamfuta mai tsada ba za ta gyara hoton da bidiyo mai dattin kai ya fitar ba (kai shi ne ɗan abin da ke karanta zaren). Kuma tsohon kaset wani lokaci sau ɗaya zai yarda ya juya lafiya, don haka sai an gama shirya komai kafin a saka shi.

Gane irin kaset ɗin da ke hannunka

Babban kaset da kowa ya sani shi ne VHS, faɗin zarensa milimita 12.7. Wanda aka rubuta wa E-180 yana ɗaukar awa 3 a gudun SP, wato gudun da aka saba, ko awa 6 idan an ɗauka a LP, mai rage gudun zare don ya ƙara tsawon lokaci. Manyan kyamarorin da masu ɗaukar biki ke saɓawa a kafaɗa da shi suke aiki.

VHS-C ƙanensa ne: zare iri ɗaya a ƙaramin gida mai kauri, yawanci minti 30 ko 45. Ana saka shi cikin wani gida mai siffar babban kaset, wanda galibi yake amfani da batir AA guda ɗaya, sai kowane bidiyo ya juya shi. Kafin ka saka, murza 'yar ƙafar haƙoran da ke gefensa har zaren ya miƙe, don sako-sakon zare ne ke fara naɗewa.

Sai dangin milimita 8 na Sony, masu kusan girman kaset ɗin rediyo: Video8 na 1985, Hi8 na 1989, da Digital8 na 1999. Gidansu iri ɗaya ne, abin da aka ɗauka a ciki ne ya bambanta. Babu wani gida da ake saka waɗannan a ciki su yi aiki a bidiyon VHS. Duk wanda ya ce zai sayar maka da shi, ko bai sani ba ne ko yana neman kuɗinka. Sai kyamara ta danginsu.

Mafi ƙanƙanta shi ne MiniDV, kamar kwalin ashana, minti 60 a SP. Shi da Digital8 tun asali lambobi suke ɗauka, don haka kwafa kawai za a yi, ba juyawa ba.

Akwai kuma maganar tsarin launi. Najeriya tana kan PAL, hoto 25 a daƙiƙa. Kaset ɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka NTSC ne, hoto 29.97. Mu da ke bakin iyaka muna da na uku: talabijin ɗin Nijar a da yana kan SECAM ne irin na Faransa, don haka VHS da aka ɗauko daga Maraɗi ko Damagaram yana iya fitowa fari da baƙi a bidiyon da bai san SECAM ba. Ba lalacewa ya yi ba, na'ura mai karanta tsari da yawa yake buƙata.

Duba lafiyar kaset kafin ya shiga na'ura

Abu na farko, kulle shi daga gogewa. A VHS ana ɓalle ɗan harshen roba da ke bayansa. A na milimita 8 ana tura ɗan makulli har ja ya bayyana, a MiniDV kuma a tura shi ɓangaren SAVE. Maɓallin ɗauka ja ne kuma yana kusa da babban yatsa. Daƙiƙa biyar na kuskure sun isa su share fuskar wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Sannan ka haska tocila ta tagar kaset ɗin. Idan ka ga farin gari ko zare-zare kamar saƙar gizo-gizo a gefen naɗin, fumfuna ce. Kada ka saka shi a na'urarka mai kyau: zai toshe kai nan take, kuma ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Ware irin waɗannan a leda daban, a bar su zuwa ƙarshe. Ana share su ne a wani tsohon bidiyo da aka cire wa murfi, a waje ba a cikin ɗaki ba, da takunkumi a fuska, ana juya zaren a hankali yana wucewa ta kan tsumma mai laushi wanda ba ya zubar da gashi.

Danna ɗan maɓallin da ke gefen VHS, murfin gaba zai ɗaga. Zaren ya kamata ya kasance a miƙe, sumul. Idan ya tsinke, kada a liƙa shi da salatif. Gam ɗinsa yana narkewa ya bi kan na'ura. Hanya mafi aminci ita ce a kwance noti biyar na ƙasan gidan, a raba zaren gida biyu, kowane rabi a haɗa shi da wani gidan kaset da ba a buƙata, a kwashe su ɗaya bayan ɗaya.

Kaset ɗin da aka ɗauko daga ɗaki mai zafi, a bar shi ya kwana a ɗakin da za a yi aiki, musamman idan akwai na'urar sanyaya ɗaki. Sauyin zafi da sanyi, musamman daga sanyi zuwa ɗumi, yana sa raɓa ta sauka a kan zare, ta sa ya manne da gangar kai. Bayan haka, idan babu fumfuna, a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi farko sau ɗaya, don naɗin da ya shekara ashirin a zaune ya saki.

Na'urar juyawa

Idan kyamarar da ta ɗauki kaset ɗin tana nan kuma tana aiki, ita ce ta fi, musamman ga abin da aka ɗauka a LP, domin layukan LP sirara ne kuma kowace na'ura da ɗan karkatar kanta. Idan babu, sai a nema wurin masu gyaran rediyo da talabijin, ko masu kayan Beljiyam, ko tsofaffin masu ɗaukar biki da suka ajiye nasu. Kada ka biya sai an gwada a gabanka, da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, na aƙalla minti 20, har da turawa gaba da baya da fitarwa. Na'ura da yawa suna fara aiki lafiya, sai sun yi ɗumi su fara cin zare.

Abubuwan da ke mutuwa sanannu ne. Bel yana saki ko ya narke ya zama kamar kwalta. Robar da ke matse zare tana taurarewa ta yi sheƙi, sai zare ya riƙa zamewa yana tattarewa a gefe. A kyamarorin Video8 da Hi8 na farkon shekarun 1990, ƙananan kafasito suna yoyo. Idan ka sunsuna wajen ƙofar kaset ka ji ƙarni kamar na kifi, ajiye ta. Duba bayan na'urar kuma: idan an rubuta 110 ko 120V, ta Amurka ce, wutarmu ta 230 za ta ƙone ta idan babu tiransifoma mai rage wuta.

Wanke kai yana da ƙa'ida. Cire wuta, buɗe murfi, za ka ga ganga mai sheƙi a karkace. Kawunan ƙanana ne ƙwarai, suna leƙowa ta tsagar da ke tsakiyarta. Jiƙa farar takarda da sinadarin isopropyl mai kashi 99, ka ɗora ta a jikin gangar da yatsa ba tare da dannawa ba, ka juya gangar da ɗaya hannun sau uku ko huɗu. Takardar ba ta motsi, gangar ce ke juyawa. Goga sama da ƙasa yana karya kai, audugar kunne kuma tana sarƙewa a jikinsa. A jira minti 10 ya bushe. Fetur da turare da sifirit mai launi duk ba su da wuri a nan.

Hanyar da hoto zai bi ya shiga kwamfuta

Ga MiniDV da Digital8, wayar FireWire ce, wadda Sony ke kira i.LINK. Ramin kyamara mai ƙafa 4 ne, na kwamfutar tebur yawanci mai ƙafa 6. Sababbin kwamfutoci ba su da wannan rami, amma ana sa wa ta tebur kati na PCIe, kuma tsofaffin laftof da dama suna da ƙaramin ramin a gefe. Wayar da ake tallatawa mai USB a kai ɗaya da FireWire a ɗaya kan ba ta aiki. Ramin USB na jikin kyamarar ma yawanci na hotuna marasa motsi ne ko bidiyo mara inganci. A kashe kyamara da kwamfuta kafin a haɗa, domin ramin mai ƙafa 6 yana ɗauke da wuta, kuma idan waya ta shiga a karkace tana ƙone ramin kyamarar. Ƙaramar manhajar WinDV ta isa, tana ma iya raba fayil bisa ranakun da aka yi ɗauka. Awa ɗaya tana cin kusan gigabait 13.

Wata dabara: kyamarorin Digital8 da yawa suna juya Video8 da Hi8, su fitar da su ta FireWire kai tsaye. Ba dukkansu ba, masu arha na ƙarshe-ƙarshe an cire musu wannan, don haka a gwada kafin a saya.

Ga sauran, sai 'yar na'urar kama hoto ta USB. Tana da ramuka: rawaya na hoto, fari na sautin hagu, ja na dama, da baƙi mai ƙafa 4 na S-Video. Idan kyamararka Hi8 ce ko bidiyon S-VHS mai ramin S-Video, yi amfani da shi maimakon rawaya. Yana raba haske da launi, sai ɗigo-ɗigon da ke rarrafe a gefen jar hula ko koren mayafi su ragu. Sautin dai dole ta fari da ja zai bi. Bidiyon da suka fito daga Turai suna da faffaɗan rami mai ƙafa 21, wato SCART. A sa masa mahaɗi, a tabbata makullinsa yana kan OUT. Wannan ɗan makulli ya sa mutane da yawa sun zaci na'urarsu ta mutu.

Mafi yawa a kasuwa ita ce mai suna EasyCap. Sunan ɗaya ne amma cikin ya bambanta, wata ta yi aiki, wata ta wanke launi ko sautinta ya yi kamar daga cikin rijiya. Idan kaset biyu ne na kallo a waya, za ta iya fitar da kai. Idan tarihin gida ne ko sana'a za ka yi, nemi irin su I-O Data GV-USB2 ko Hauppauge USB-Live2, ko da sai an yi odarsu. Akwatunan da ke mayar da rawaya-fari-ja zuwa HDMI ba na ba da shawararsu: suna miƙe hoton ya cika allo, mutane su yi faɗi, kuma suna zubar da rabin motsin.

Tsohon kaset ba ya fitar da layukan hoto a kan lokaci daidai. Talabijin na da yana haƙuri da wannan, na'urar USB ba ta yi: sai ka ga ƙofar soro tana lanƙwasa, saman hoto yana karkata, ko hoto yana tsalle. Maganinsa TBC ne, mai daidaita layuka. Kyamarorin Hi8 da Digital8 masu kyau suna da shi a cikin menu, a kunna. Ga VHS, ana ratsa hoton ta cikin na'urar ɗaukar DVD ta Panasonic DMR-ES10 ko ES15: waya daga bidiyo ta shiga cikinta, wata ta fita zuwa na'urar USB, ba tare da an sa faifai ba.

Wuta da wurin ajiya

Kwashewa ba ta da gajeriyar hanya. Kaset na awa 3, awa 3 zai ci. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, zaren yana nan naɗe a jikin ganga, fayil ɗin ma yana iya lalacewa. Don haka a ɗora bidiyon da kwamfutar a kan inbata ko UPS. Ƙaramin janareta yana sa layuka masu yawo a hoto da gurnani a sauti. Idan ka ji wannan gurnani, zare cajar laftof ka saurara. In ya ɗauke, daga nan yake, sai a haɗa komai a soket ɗaya ko a yi aikin da batir. Kyamara kuwa da cajarta za a yi, tsohon batir ba ya kai rabin kaset. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a yi aikin da safe ko da dare, a bar na'ura ta huta tsakanin kaset da kaset. Da hunturu a rufe taga, a lulluɓe na'urar idan an gama.

Yi lissafin wuri tun kafin ka fara. Kaset 20 na E-180 cike awa 60 ne. A tsarin DV, irin na MiniDV, kusan gigabait 780 ke nan. A tsarin da ba ya zubar da komai, irin su Huffyuv ko Lagarith, awa ɗaya tana cin gigabait 30 zuwa 40, wato kusan terabait 2. Rumbun ajiyar kuma ya kasance a tsarin NTFS ko exFAT. FAT32, wanda fulash da yawa ke zuwa da shi, ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, sai ɗauka ta tsaya bayan 'yan mintoci ba ka san dalili ba.

Saiti da ɗauka

Manhajojin ɗauka VirtualDub da AmaRecTV sun fi dacewa a Windows, domin suna nuna adadin hotunan da suka zube. OBS Studio ta fi sauƙin koyo, amma an gina ta ne don watsa shiri kai tsaye, tana iya zubar da hoto ko maimaita shi ba ta faɗa ba.

Ga kaset ɗinmu na PAL: girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, tsarin launi YUY2, sauti PCM mai kilohaz 48 da bit 16. Kada ka zaɓi 1920 da 1080 da sunan ƙara kyau. Babu wannan bayanin a kaset ɗin. Ga NTSC, 720 da 480, hoto 29.97. Bidiyonmu da ke juya kaset ɗin Amurka yawanci wani gauraye suke fitarwa da ake kira PAL-60, idan ba ka zaɓe shi a saitin na'urar USB ba hoton zai zo babu launi.

Kashe rubutun da na'ura ke ɗorawa a allo, irin su PLAY da ƙidayar lokaci, domin idan suka shiga fayil sun zauna ke nan. Kashe shuɗin allon da bidiyo ke sakawa idan hoto ya raunana. Gara hoto mai yashi da babu. Idan kyamarar tana nuna ranar ɗauka, kunna ta ka rubuta a takarda, sannan ka kashe.

Yi gwajin minti biyu a wuri mai haske. Farar babbar riga a filin idi da rana ita ce ma'auni: idan aikin zaren wuyanta ya ɓace ta zama farin fili, rage haske a saitin na'urar USB har ya dawo. Abin da ya ƙone a nan ba ya dawowa wajen tacewa. Sauti kuma, inda ya fi ƙarfi, kamar kakaki ko harbin bindiga, kada ya wuce –6 a ma'auni. Idan ka ga layin yashi a kwance, daidaita tirakin, wato yadda kai ke bin layukan zare, da maɓallansa, a bidiyo da yawa su ne na canza tasha. Idan sautin Hi-Fi yana ƙara kamar ana soya gyaɗa, koma sautin Normal a rimot. Kyamara mai sauti ɗaya ta farar waya kawai take fitarwa, daga baya sai a kwafa shi zuwa ɓangare biyu.

Sannan mayar da kaset farko, fara ɗauka a kwamfuta, ka danna PLAY bayan haka. Rufe duk wata manhaja, cire intanet, hana kwamfutar yin barci. Kada ka tsayar don tsallake wuraren da ba ka so, a bar yanka sai wajen tacewa. Kuma ka bari ya kai ƙarshe ko da hoto ya ƙare, don sau da yawa akwai wani suna ko wata ziyara da aka ɗauka a can bayan dogon fili. Idan ka ji ƙarar taunawa, tsayar nan take, kada ka fizgo kaset. Cire wuta, buɗe murfi, a zare zaren da hannu.

Idan baki da murya suna rabuwa a hankali, har a ƙarshen awa a ga tazara, hotuna ne suka zube. Dalilin ko rashin TBC, ko kwamfuta ta shagala, ko an shigar da sauti ta ramin makirufon kwamfuta maimakon ta na'urar USB ɗin.

Tacewa

Fayil na farko shi ne uwa. Sa masa suna mai ma'ana, kamar 1998-Daura-hawan-Gani-kaset-03, rubuta lambar a jikin kaset ɗin, ka kwafa shi wuri biyu kafin ka taɓa shi. A kan kwafi ake aiki.

Za ka ga gefen duk abin da ke motsi yana da haƙora kamar na kum, musamman ƙafafun doki a guje. Ba aibi ba ne. Kowane hoto rabi biyu ne da aka saƙa, ana ɗaukar rabi 50 a daƙiƙa. A HandBrake, manhajar sauya tsarin fayil ɗin bidiyo, zaɓi Bwdif ko Yadif a yanayin Bob, ka sa gudun a 50, motsi zai fito sumul yadda yake a talabijin. Idan bayan haka hoton yana karkarwa gaba da baya, jerin rabin ne ya juye: DV da na ƙasa yake farawa, yawancin na'urorin USB da na sama.

Siffar hoto 4:3 ce, a allon kwamfuta 768 da 576. Baƙin fili a dama da hagu ba laifi ba ne. A can ƙasa akwai siririn layi mai yagewa, inda kai ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki. Rufe layuka 8 zuwa 12 da baƙi. Manhajojin tacewa Shotcut da Kdenlive kyauta ne kuma ba su da nauyi, DaVinci Resolve ta fi su wajen gyaran launi amma tana son kwamfuta mai ƙarfi. A sassauta hannu wajen rage yashi, idan ya yi yawa fuskoki sai su zama kamar na roba.

A fitar da MP4 mai H.264, RF (ma'aunin ingancin hoto) 18 zuwa 20 a HandBrake. Mai ɗorawa a YouTube ya faɗaɗa zuwa 1440 da 1080, domin ba sa barin gudun 50 a ƙasa da 720. A WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, ba ta wurin hotuna ba, don kada a matse shi.

Kaset ɗin biki yana ɗauke da matan gida a wurin kamu da cikin ɗaki, waɗanda suka yarda a ɗauke su don dangi ne kawai. A nemi izininsu kafin wani yanki ya hau Facebook ko TikTok, kuma idan shago aka kai aikin, a tsaya a ga an goge kwafin da ya rage a kwamfutarsu.

Kaset ɗin kansa kada a jefar. A mayar da shi farko, a sa shi a kwalinsa, a jera a tsaye kamar littattafai, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da lasifika da bangon da ke jiƙa da damina.